Asibitocin Birnin Ikko da Yaƙin da Suka Yi da Annoba

Jawabin yau ya shafi birnin Ikko, da asibitocinsa, da irin aikin da likitocinsa suka yi wa ƙasar nan cikin shekaru fiye da ɗari. Mai sauraro da ke zaune a Sakkwato ko Yola ko Maiduguri yana iya tambaya, ina ruwansa da asibitin da ke can bakin teku, wanda watakila har ƙarshen rayuwarsa ba zai taka ƙofarsa ba? Amsar a fili take. Ikko ita ce babbar ƙofar Nijeriya. Ta nan jiragen ruwa suke shigowa da kaya, nan ne mafi yawan jiragen sama na ƙasashen waje suke sauka, kuma daga nan manyan motoci suke tashi dare da rana su nufi kowace kusurwa ta ƙasa. Tun daga 1911, sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano, duk abin da ya sauka a Ikko, alheri ne ko cuta, ba ya daɗewa bai hau arewa ba. A yau kuwa mutumin da ya karya kumallo a Ikeja yana iya cin abincin rana a Kano.

Ban da haka, dubban mutanen arewa suna zaune a birnin tun kaka da kakanni, a Agege da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, ga kuma fataken shanu da na goro da na tumatir da albasa waɗanda suke kai da komowa kowane mako. Saboda haka cutar da aka tare a Ikko, ƙasa duka aka tare wa. Wadda kuwa ta kuɓuce a can, kowa sai ya ji a jikinsa. Tarihin asibitocin wannan birni yana nuna abu guda a kowane zamani, watau nasara tana samuwa ne idan an gano cuta da wuri, an faɗi gaskiya a kanta, jama'a kuma suka ba da haɗin kai.

Gari a tsakiyar fadama

Asalin Ikko tsibiri ne wanda ruwa da fadamu suka kewaye. Sa'ad da Ingilishi suka karɓe shi cikin 1861, zazzaɓin cizon sauro da shawara da atini da agana suna ta ɗibar mutane, baƙi da 'yan gari. Ruwan sha daga rijiyoyi marasa zurfi ake ɗebo shi, sau da yawa kuma rijiyar tana dab da wurin zubar da ƙazanta. Cikin 'yan ƙasa na farko da suka yi aikin likita irin na zamani a garin akwai Dokta Nathaniel King, wanda ya gama karatunsa a Edinbara ta ƙasar Sikotlan cikin 1876, ya dawo ya yi aiki a Ikko har rasuwarsa cikin 1884. Babban asibitin gwamnati da ke Odan a kan tsibirin, wanda yake nan har yau, tun cikin wancan ƙarni aka kafa shi.

Cikin 1897 wani likita mai suna Ronald Ross, yana aiki a Indiya, ya tabbatar da cewa sauro ne yake ɗaukar ƙwayar zazzaɓi. Bayan shekara biyu aka naɗa wa Ikko sabon gwamna, William MacGregor, wanda shi kansa likita ne. Ya sa aka yi ta cike fadamu, aka haƙa wata babbar magudanar ruwa wadda aka riƙa kira da sunansa, aka kuma riƙa raba kwinin. A wancan zamani masana da dama suna ganin hanyar kare Turawa ita ce a ware musu unguwa nesa da 'yan ƙasa. MacGregor ya ƙi wannan shawara, ya tsaya a kan cewa lafiyar gari ɗaya ce, sai an gyara wa kowa. Cikin 1915 aka buɗe ma'aikatar ruwa ta Iju, aka fara kai wa garin ruwan famfo, wanda ya ceci rayukan da babu wanda ya ƙirga.

Wani likita ɗan ƙasa da ya cancanci a tuna shi ne Dokta Oguntola Sapara. A zamaninsa akwai wata ƙungiyar asiri ta masu bautar gunkin agana, mutane suna tsoronta ƙwarai. Dokta Sapara ya yi shigar burtu ya shiga cikinta, ya gano cewa wasu daga cikin 'ya'yanta suna yaɗa cutar da gangan domin su ci dukiyar mamata, ya kai wa hukuma rahoto, aka kafa dokar hana ta. Shi ne kuma ya dage a kan kula da mata masu ciki da jarirai, har ɗakin shan magani da ke Titin Massey ya zama asibitin haihuwa cikin 1926. Daga baya aka mai da shi asibitin yara.

Annoba biyu da darasinsu

Cikin watan Satumba na 1918 jirgin ruwa ya shigo Ikko da murar nan mai kisa wadda ta game duniya a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tsoron ma'aikatan lafiya ya sa mutane suka riƙa ɓoye marasa lafiyarsu, wasu kuma suka gudu daga garin ɗauke da cutar a jikinsu. Kafin a farga ta bi hanyoyin jirgin ƙasa da na kogi ta shiga cikin ƙasa, ta hallaka dubban ɗaruruwan mutane a Nijeriya.

Cikin 1924 kuma sai ga wata annobar, wadda ƙumar da ke jikin ɓera take yaɗawa. Ta fi tsanani a unguwannin da gidaje suka cushe, ba iska, ba magudana. Duba-gari suka shiga gida gida, aka yi ta kama ɓeraye, aka keɓe waɗanda suka kamu, amma sai da aka kai 1931 kafin a ga bayanta. Saboda wannan annoba ce aka kafa hukumar tsara birnin Ikko cikin 1928, wadda ta rushe wasu tsofaffin unguwanni ta fitar da tituna. Aikin ya raba talakawa da yawa da gidajensu, ya kuma bar ɗaci a zukata. Darasin da aka samu daga waɗannan shekaru shi ne, idan jama'a suna ganin ma'aikacin lafiya kamar ɗan sandan da ya zo kamu, za su ɓoye masa cuta, ita kuwa cuta a ɓoye take ƙiba.

Yaba, gidan bincike

Unguwar Yaba tana da matsayi babba a tarihin magani na duniya baki ɗaya. Cikin 1925 Gidauniyar Rokafela ta Amurka ta aiko da ayarin masana domin binciken cutar shawara, suka kafa sansaninsu a Yaba. Cikin 1927 aka ɗebi jinin wani mutum mai suna Asibi a ƙasar Gana, wanda ya kamu da cutar ya warke. Masanan suka gano cewa wani irin biri da aka kawo daga Indiya yana kamuwa da ita, suka kuma tabbatar da cewa abin da ke kawo ta wata ƙwaya ce ƙanƙanuwa ƙwarai, irin wadda ake kira bairas, wadda madubin likita na wancan zamani ba ya iya nunawa. Aikin ya ci rayuka. Ɗaya daga cikin manyan masanan, Adrian Stokes, ya kamu da cutar a bakin aiki, ya rasu a Ikko cikin Satumba na wannan shekara.

Daga ƙwayar da aka samu a jinin Asibi ne Max Theiler ya haɗa allurar rigakafin shawara a Amurka cikin 1937, aka ba shi lambar yabo ta Nobel cikin 1951. Wannan allura ce ake yi har yau, kuma sau ɗaya tak ta isa ta kare mutum iyakar rayuwarsa. Duk maniyyacin da ya karɓi katin shaidar rigakafin shawara kafin ya tafi Makka, ya ci moriyar aikin da aka yi a Yaba, ko ya sani ko bai sani ba.

A Yaba ne kuma aka buɗe makarantar koyon aikin likita ta farko a ƙasar nan cikin 1930, kafin a mai da horon likitoci Ibadan bayan kafa kwalejin jami'a cikin 1948. Har ila yau a can gwamnati ta kafa ma'aikatar haɗa allurar rigakafi, wadda ta yi shekaru tana fitar da ta agana da ta shawara da ta cizon mahaukacin kare, har zuwa 1991 da aka dakatar da aikinta. Cibiyar Binciken Magunguna ta Nijeriya da ke Yaba a yau ita ce ta gaji wancan tsohon aikin bincike.

Dattawa da yawa suna da tabon lamba a dantsensu. Lokacin da aka ɗaura ɗamarar kawar da agana daga ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, cikin 1966 zuwa 1967, a Ikko aka ajiye babban ofishin shirin. Ma'aikata suka bi birni da ƙauye da ruga suna yin lamba, kuma a gabashin Nijeriya aka jarraba dabarar da daga baya duniya ta ɗauka, watau a nemo mai cutar, a keɓe shi, a yi wa duk na kewaye da shi rigakafi. Cikin 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, cikin 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa cutar ta ƙare a bayan ƙasa. Yaran yanzu ba su san zanzanar agana a fuska ba sai a labari.

Manyan asibitocin birnin

Kowane babban asibiti a Ikko yana da abin da ya shahara da shi, kuma yana da kyau jama'a su san bambancinsu.

Asibitin masu taɓin hankali da ke Yaba ya fara ne cikin 1907 a matsayin gidan tsare mahaukata, a wani tsohon ginin ma'aikatar jirgin ƙasa. Yau asibitin tarayya ne inda ake warkar da ciwon ƙwaƙwalwa da magani da shawara, ana kuma kula da waɗanda shaye-shaye ya lalata. Taɓin hankali ciwo ne kamar sauran ciwo, yana da magani, ɗaure mai shi da mari kuwa ƙara masa wahala ne kawai.

Asibitin ƙashi na Igbobi ya samo asali daga sansanin jiyyar sojojin da suka dawo da raunuka daga Yaƙin Duniya na Biyu, ya zama cikakken asibiti cikin 1945. A lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi jiyyar sojoji masu yawa. A nan ake gyaran karaya mai wuya, da raunin ƙashin baya, da ƙuna, ana kuma ƙera ƙafafu da hannuwan roba. Ɗan'uwansa a arewa shi ne asibitin ƙashi na Dala da ke Kano, a gabas kuma akwai na Inugu.

Asibitin haihuwa na tsibirin Ikko, wanda aka buɗe a daidai lokacin samun mulkin kai, ya daɗe yana cikin wuraren da aka fi karɓar haihuwa a ƙasar nan, nan ne kuma ake garzayawa da matan da naƙuda ta yi wa gardama.

Cikin 1962 Gwamnatin Tarayya ta buɗe Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko a Idi-Araba, wanda jama'a suka fi sani da LUTH, katanga ɗaya da unguwar Hausawa. Wanda ya fara shugabantar makarantar likitocinsa shi ne Farfesa Oritsejolomi Thomas, ɗan Nijeriya na farko da ƙungiyar manyan likitocin fiɗa ta Ingila ta karɓa a cikinta. Dubban likitoci da nas-nas da masu haɗa magani da suka fito daga wannan gida suna aiki a kowace jiha. Cikin 2019 aka buɗe sabuwar cibiyar jiyyar ciwon daji a cikinsa, mai na'urorin gashi na zamani. Daura da asibitin kuma akwai cibiyar kula da masu ciwon sikila ta ƙasa. Ita ma gwamnatin jihar tana da nata asibitin koyarwa a Ikeja, wanda a da babban asibiti ne, aka ɗaga darajarsa cikin 2001.

Asibitoci masu zaman kansu su ma sun taka rawa. Asibitin St. Nicholas, wanda Dokta Moses Majekodunmi, tsohon ministan lafiya na tarayya, ya kafa cikin 1968, shi ne ya fara yin dashen ƙoda a Nijeriya cikin 2000. Bayan shekara biyu Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi sahu. Kafin wannan lokaci, wanda ƙodarsa ta mutu ba shi da wata hanya sai ƙetare, idan yana da hali.

Likitan yara da ya mai da hankali ƙauye

Daga cikin likitocin Idi-Araba, babu wanda aikinsa ya isa ƙauyuka kamar Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992. Shekarun da ya yi a ɗakin jiyyar yara sun nuna masa cewa mafi yawan yaran da ake kawowa a galabaice, cututtuka ne masu sauƙin kariya suka kai su ga haka: gudawa, ƙyanda, tarin shiƙa, zazzaɓi da rashin abinci mai gina jiki. Da ya zama minista sai ya juya akalar ma'aikatar zuwa kiwon lafiya matakin farko. Aka zaɓi ƙananan hukumomi 52 domin gwaji, aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa cikin 1988, aka ƙarfafa rigakafin yara, aka kwaɗaitar da iyaye mata shayar da nono zalla, aka kuma koya wa kowane gida haɗa ruwan gishiri da sukari.

Wannan haɗi har yanzu yana ceton rai. Idan yaro ya kamu da gudawa kuma babu ƙunshin da ake sayarwa a kemis, sai a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙananan cokula shida shafaffu na sukari a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan, a ci gaba da ba shi nono, a kuma kai shi asibiti. Likitan babban birni ne ya tsaya a kan wannan, amma uwar da ke ƙauye ce ta fi cin amfaninsa.

Kwana casa'in da biyu na 2014

Jarrabawa mafi girma ta zo ranar 20 ga Yuli, 2014. Cutar Ibola tana ta kisa a Gini da Laberiya da Saliyo, sai wani jami'i daga Laberiya mai suna Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin saman Ikko a kan hanyarsa ta zuwa taro a Kalaba. Ya iso a galabaice, aka kai shi wani asibiti mai zaman kansa a Obalende, watau First Consultants. A lokacin likitocin gwamnati suna yajin aiki. Da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, shi kuma ya musa cewa ya kusanci mai Ibola. Babbar likitar da ta duba shi, Dokta Ameyo Stella Adadevoh, ba ta taɓa ganin mai wannan cuta ba, amma alamun da ta gani da ƙasar da ya fito suka sa ta yi zargi. Ta sanar da hukuma, ta sa aka aika da jininsa ɗakin binciken ƙwayoyin cuta na Idi-Araba, inda aka gano abin da ake tsoro. Mara lafiyar ya nemi a sallame shi, aka kuma matsa wa asibitin lamba daga waje a sake shi ya tafi taronsa. Likitar ta ƙi. Ya rasu a nan ranar 25 ga Yuli.

Ibola tana yaɗuwa ne ta hanyar taɓa jini ko amai ko gumi ko sauran ruwan jikin wanda ciwon ya riga ya bayyana a kansa, ko taɓa gawarsa. Tana iya ɓuya a jiki har kwana 21 kafin ta nuna kanta. Da wannan sani aka yi aiki. Gwamnatin Tarayya da ta Jihar Ikko suka kafa cibiyar ba da umarni ta gaggawa a ƙarƙashin Dokta Faisal Shuaib, aka ɗebo ma'aikata da dabaru daga shirin yaƙi da shan inna wanda aka daɗe ana yi, musamman a jihohin arewa. Aka rubuta sunan duk wanda ya kusanci mai cutar, mutum 894, aka riƙa bin su gida gida ana gwada zafin jikinsu kowace rana har kwana 21. Ziyarar da ma'aikata suka yi ta kai wajen 18,500. Duk wanda zazzaɓi ya kama, sai a ɗauke shi zuwa wurin keɓewa a Yaba.

Mutum guda daga cikin waɗanda ake sa wa ido ya sulale ya tafi Fatakwal a ɓoye, ya kai cutar can, ta ci rayuka kafin a shawo kanta. Cikin watan Agusta kuma wata jita-jita ta bazu ta wayar hannu cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna kare mutum. Mutane da dama suka kwanta a asibiti, wasu suka rasa ransu a banza. A ƙarshe mutum 20 ne suka kamu a Nijeriya, 8 suka rasu. Cikinsu har da Dokta Adadevoh, wadda ta cika ranar 19 ga Agusta, tare da wasu abokan aikinta da suka yi jiyyar baƙon. Ranar 20 ga Oktoba, 2014, bayan an yi kwana 42 ba a sami sabon kamu ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa Nijeriya ta rabu da Ibola. A ƙasashe ukun da aka ambata, cutar ta kashe mutum fiye da 11,000. Da an buɗe wa wancan baƙo ƙofa ya fita cikin cunkoson Ikko, ya hau wani jirgin, Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya.

Wannan gogewa ta yi amfani bayan shekara shida. Ranar 27 ga Fabrairu, 2020, ɗakin binciken nan na Idi-Araba ya tabbatar da mai cutar korona na farko a ƙasar nan, wani ɗan Italiya, aka yi jiyyarsa a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Yaba har ya warke.

Abin da ya rage

Ba zai zama adalci ba a lissafa nasarori a yi shiru a kan giɓin da ke akwai. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Ikko mutum fiye da miliyan 9, kuma tun daga lokacin jama'a sai ƙaruwa suke yi, gadajen asibiti kuwa ba su bi sawunsu ba. Likitoci da nas-nas da ƙasar nan ta horar da kuɗinta suna ta ƙaura zuwa Ingila da Amurka da Kanada da Saudiyya. Cikin 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, har yanzu kasafin tarayya bai kai nan ba. Unguwanni da yawa ba su da ruwan famfo, shi ya sa kwalara, wadda ta fara shigowa Nijeriya ta kusa da Ikko a ƙarshen 1970, ta sake ɓarkewa a birnin cikin 2024. Mafi yawan marasa lafiya kuma daga aljihunsu suke biya, har ciwo guda yakan cinye jarin iyali.

Akwai dokokin da aka kafa domin rage wannan nauyi, ya kamata kowa ya san su. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa. Wata doka ta 2017 ta wajabta a yi wa wanda aka harba da bindiga magani ba tare da an jira takardar 'yan sanda ba. Dokar 2022 kuma ta mai da inshorar lafiya wajibi, ita ma Jihar Ikko tana da nata shirin mai suna Ilera Eko, wanda mazaunin jihar yake iya shiga ko daga ina asalinsa yake.

Abin da ake bukata daga kowa

Na farko, a je asibiti da wuri, a kuma fara daga matakin da ya dace. Ƙaramin asibitin unguwa shi ne na zazzaɓi da awon ciki da rigakafin yara. Idan abin ya fi ƙarfinsa zai tura mutum babban asibiti da takarda, daga can kuma zuwa asibitin koyarwa. Wanda ya tsallake ya tafi Idi-Araba da mura, ya ɓata ranarsa, ya kuma tare wa mai ciwon ƙoda layi. Wanda ya karye kuwa, kada ya bari sai ƙafa ta kumbura ta yi baƙi a hannun maɗori sa'an nan a nemi Igbobi ko Dala.

Na biyu, a gaya wa likita gaskiya: inda aka je, wanda aka yi jiyya, gawar da aka wanke, da maganin da aka riga aka sha, na kanti ne ko na gargajiya. Wanda ba ya jin Turanci ko Yarbanci ya tafi da ɗan'uwan da zai yi masa tafinta. Idan hatsari ko wata larura ta gaggawa ta auku a Ikko, ana kiran lamba 112 ko 767 kyauta.

Na uku, idan ma'aikatan lafiya suka zo rubuta suna ko yin rigakafi, a buɗe musu ƙofa. Sarakunan Hausawa na unguwanni, da limamai, da shugabannin kasuwa da na tashoshin mota suna da babban nauyi a nan, domin maganarsu ce jama'a suke ji. Direban da ya ga fasinja yana ta amai da gudawa, ko jini yana fita masa, ya kai shi asibiti mafi kusa, kada ya ɗauke shi tafiyar kwana zuwa gida. Labarin magani da ya shigo ta waya ba tare da sunan hukuma ba, a tambayi ma'aikacin lafiya kafin a yi aiki da shi ko a tura wa wani.

Na huɗu, samari da 'yan mata su yi gwajin jini kafin aure. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da irin sikila ba tare da yana ciwo ba, idan kuwa irin waɗannan biyu suka yi aure, kowane ciki yana da hatsarin kashi ɗaya cikin huɗu na haifar da mai ciwon. Masu ƙoshin lafiya kuma su riƙa ba da gudummawar jini, domin macen da ta zubar da jini wajen haihuwa ba ta da lokacin jiran a nemo dangi.

Likitocin Ikko sun yi nasu, wasu har sun ba da ransu, tun daga Adrian Stokes cikin 1927 zuwa Ameyo Adadevoh cikin 2014. Gwamnati tana da sauran aiki a gabanta na ruwa da gadaje da albashin ma'aikata. Sauran kuwa yana hannun magidanci da uwargida da matafiyi, domin Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kiyaye ƙasar nan daga annoba. A huta lafiya.